Farantin da muke kallon rayayyun ƙwayoyin halitta a cikinsa

Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwaje-gwajenmu a nan Samaru ya ji kuɗin faranti mai gindin gilashi, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, me zai hana mu yi da na roba?" A ido kam duk ɗaya suke, ɗan faranti mai faɗin milimita 35. Sai ka kifa mai gilashin za ka ga an huda tsakiyar gindin, an manna gilashi siriri a gurbin.

Kaurin gilashin nan shi ne maganar: milimita 0.17, wanda ake kira lamba 1.5. Yawancin idanun madubin hangen ƙwayoyin halitta masu ƙarfi, da wannan kaurin aka auna su tun daga masana'anta. Madubin da muke aiki da shi ta ƙasa yake leƙo farantin, kuma idon nan mai ninki 100 da ake ɗiga wa mai, abin da yake iya hangowa bai kai nisan rabin milimita ba. Gindin roba kuwa ya kusa milimita 1. Ka yi ta murɗawa har idon ya tokari farantin, ƙwayar ba za ta fito ba. Ga shi robar tana fitar da nata hasken idan an haska ta, ya dusashe rinin da ka sa wa ƙwayar don ta fito.

Ni dai ba na gajiya da kallon mai rai. Ina zaune zan ga ƙwaya ta janye jikinta ta dunƙule, ta tsuke a tsakiya, ta rabe biyu. Wadda aka kashe aka rina ba ta nuna maka haka.

Amma gilashi na da nasa hali. Wasu ƙwayoyin ba sa kama shi sai an shafa masa kolajin, wani furotin da ƙwayoyin jiki ke mannewa a kansa. Suna kuma son ɗumin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, waɗanda na'ura mai amfani da lantarki ke samar musu, shi ya sa ɗauke wuta ke tayar mana da hankali. Da hunturu kuwa, ka bar murfi a buɗe, kafin ka ankara ruwan abincinsu ya fara ƙafewa.

Na kamfanonin MatTek da ibidi daga Amurka da Jamus ake kawo su, ga dala yadda take. Saboda haka mukan huda na roba da kanmu, mu manna gilashin da silikon, mu zuba ruwa ya kwana don mu ga ko yana yoyo. Wanda bai yi ba, shi muke wankewa da sifirit mai ƙarfin kashi 70, mu shanya shi ƙarƙashin fitilar kashe ƙwayoyin cuta.