Godiya ga maƙwabtana na Bronx, a birnin New York

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar da ta wuce muka rufe ajin rigakafin ciwon suga da na shekara ina zuwa, kuma sakamakon gwajin jinina ya fito da kyau. Alhamdu lillahi. Akwai mutanen da ke bina bashin godiya, yawancinsu ma ba sa jin Hausa, amma 'yata ta yi alkawarin fassara musu.

Bara likita ya ce gwajin A1C ɗina, mai auna suga a jini, ya faɗa tsakanin 5.7 da 6.4, wato ciwon bai shigo ba amma yana bakin ƙofa, don daga 6.5 an riga an kamu. Ya miƙo mini takarda da Turanci, ya kira na gaba. Na ninke ta na cusa a jaka. Mai kitson da ke wuni a kan mutum ɗaya, tana kora yunwa da lemon kwalba da shayi mai madarar gwangwani, ina ta ga lokacin karatu?

Godiyata ta farko ga maƙwabciyata ta hawa na uku, 'yar Jamhuriyar Dominikan. A wurinsu ana kiran irinta promotora: ba likita ba ce, mace ce ta cikin unguwa da asibiti ya horar, tana bi gida gida tana wayar da kai. Ta zo kitso, ta ga takardar, ta ce "asukar?" Ashe su ma da sunan suga suke kiran ciwon, kamar mu. Ta ce mahaifinta ya rasa ƙafa a dalilinsa, ba za ta zuba ido ta ga na bi wannan hanya ba. Sau uku tana ƙwanƙwasa mini ƙofa ina kawo uzuri. Yaya, kin yi haƙuri da taurin kaina, Allah ya saka miki da alheri.

An shirya ajin ne don masu jin Sifaniyanci, waɗanda su ne kusan rabin mutanen Bronx, kuma ciwon nan ya yi musu katutu. Tsarin na CDC ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka: zama 16 a wata shida na farko, daga nan sau ɗaya a wata. Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba, a rage kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin jiki, a motsa jiki minti 150 a mako. Malamarmu ta ce binciken da aka fitar a 2002 ya nuna masu bin wannan tsari sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Ni dai ba lissafin ya riƙe ni ba. Abincin ne. Ranar da aka kawo tukunyar gwaji na leƙa, sai ga shinkafa da wake! Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan ai namu ne. Ba a ce mu daina ci ba. An ce rabin faranti ganye, kwata nama ko kifi, kwata shinkafa. Da farko na ga kamar rowa ce aka koya mana, yanzu tuwona ma haka nake auna shi, miyar kuɓewa ta fi yawa.

Ina gode wa cocin da ya ba mu ɗakin ƙasa kyauta. Ban ɓoye ba, na yi ɗari ɗari da shiga ranar farko, sai da na tambayi limaminmu, ya ce neman lafiya ne, in je. Da lokacin salla ya yi suka share mini kusurwa, suka kuma daina kawo naman alade a girkin gwaji ba tare da na roƙa ba. Da azumi ya zo, ma'aikaciyar jinyar asibitin unguwa ta zauna da ni muka tsara buɗa baki da sahur. Kunun nan mai zaƙi kam mun yi sallama da shi.

Na gode wa mai shagon kusurwar layinmu da ya dawo da ruwa da kayan lambu gaba gaba, da masu kasuwar manoma da suka nuna mini yadda ake amfani da takardun Health Bucks na dala 2, na sayen kayan lambu da 'ya'yan itace. Sai ƙawayen tafiyata na Crotona Park, waɗanda ko a sanyin Janairu sai sun bugo waya ƙarfe bakwai.

Maigida, na gode da ka ci tuwon da ya ragu ba ka yi ƙorafi ba, sai sau biyu.

Yaya ta yarda za ta zo masallacinmu bayan sallar Juma'a ta yi wa mata bayani, 'yata za ta yi tafinta. Duk wadda ke so ta taho da takardar gwajinta.