Kuɗi Na Hannun Kwastoma, Mu Kuma Mun Kulle Ƙofa

Kamfaninmu ƙarami ne. Intanet mai sauri muke sayarwa shaguna da ofisoshi, daga Kantin Kwari har Zoo Road, ta eriyar da muke kafawa a saman benaye. Ni aka ɗora wa aikin gina shafin kamfani, kuma ni na nace a yi shi babba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsohon karatu ne ya ruɗe ni. A 1999 kamfanin waya na NTT DoCoMo a Japan ya fito da i-mode, wani tsarin shiga intanet ta wayar hannu, a 2002 aka yi irinsa mai suna Vodafone live! a Turai. A wancan tsarin kamfanin waya shi ne ƙofar gari: mai son labarai, kiɗa ko wasa dole ya bi ta shafinsa, kamfani ya yanki kasonsa. Na ce mu ma mu zama ƙofa. Muka zuba labaran Kano, farashin hatsi a Dawanau, na kayan masarufi a Singa, tallan finafinan Hausa, sakamakon ƙwallo. Wata takwas muna biyan matasa biyu suna cika shi.

Ashe an daɗe da tashi daga wannan kasuwar. Tun da igiyoyin ƙarƙashin teku irin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010, data take ƙara wadata, ba wanda yake jiran a buɗe masa ƙofa. Mai shadda a Kwari WhatsApp yake shiga ya tura wa kwastomansa na Maraɗi hoto. Yaransa na TikTok da YouTube. Farashin gero kuwa, kira ɗaya ya ishe shi.

Wannan asarar kuɗi ce, ana shanyewa. Wadda ta tsaya mini a wuya daban take.

Tsarinmu, da zarar kuɗin wata ya ƙare, yana datse layin mutum gaba ɗaya, har da shafinmu. Wurin biyan kuɗi kuma yana cikin shafin. Wato a daidai lokacin da kwastoma yake nemanmu da kuɗi a hannu, a lokacin muke ɓace masa. Ban taɓa gwadawa da layin da ya ƙare ba, ko sau ɗaya. Duk gwajina a ofis na yi shi, inda intanet ba ya yankewa. Na kwana ina gyara launi da girman hotuna, wannan kuwa ko a zuciyata.

Wani dattijo mai shaguna uku a Kwari ne ya kira ni da hantsi. "Ɗana, ga kuɗinku ina son in ba ku, kun sa kwaɗo. Wace irin sana'a ce wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, a yi mana afuwa, yanzu zan turo yaro." Ya ce ba sai na turo ba, ya riga ya aiki nasa yaron Farm Centre ya sayo ƙaramar na'urar wayifai. Shi ya ma yi mana mutunci da ya kira. Da na duba rajista, sai na ga wasu da yawa sun tafi shiru a ƙarshen wata, ni kuma ina ta ɗora laifi kan farashin manyan kamfanoni.

Gyaran dare ɗaya ya ci. Dare ɗaya! Muka bar adireshin shafin a buɗe ko data ta ƙare. Muka kwashe bidiyo da labarai, muka bar abu uku da Hausa ƙarara: ragowar data, sabuntawa, kai ƙorafi. Mutum ya yi tiransifa, layinsa ya dawo da kansa ba sai ya kira kowa ba.

Duk mai shirin irin wannan aiki, don Allah kafin ka sa hoto ko ɗaya, ka datse layinka da hannunka, ka ɗauki waya mai araha, ka shiga cikin kasuwa da tsakar rana ka gwada biya.

Eriyarmu na nan a saman benen Alhaji, ba a haɗe take da komai ba. Sau biyu ana ce mini in tura a cire ta, ban tura ba.