Darussan fita bishara ta hanyar hidima a arewacin Kamaru

Ƙungiyar da za ta fita bishara na mako ɗaya ko biyu a ƙauyukan Marwa, Mokolo ko Yagwa ta fara sanin cewa aikin ba nata ba ne. Na ikkilisiyar da ke wurin ne. Tun 1923 'yan mishan na Lutheran suke Ngaundare, kuma da wuya a sami yankin da babu fasto ko mai bishara da ya san kowane gida. Shi zai zauna da sakamakon abin da baƙi suka yi bayan motarsu ta tashi, don haka shi ne zai faɗi abin da ake bukata da lokacin zuwa. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Lokacin ma yana da nasa sharaɗi. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, mutane suna gona, hanyoyin laka sun yanke, kogin Logone kuma yakan yi ambaliya a ƙarshenta. Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, baƙo ba ya iya aikin ƙarfi da rana. Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, sai dai a tambaya ko ana girbin masakwa, wato dawar rani. Wajen iyakar Najeriya kuwa, tun da aka sace wani fada (limamin Katolika) ɗan Faransa a 2013, sannan fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a 2014, ba a shiga yankin Mora da Mokolo sai da sanin hukuma da jandarmomi, ba a kuma tafiyar dare.

Ranar farko ta gaisuwa ce. Fasto ya kai ku wurin jauro ko lawan, wato shugaban ƙauye, in gari ne babba a je fadar lamiɗo, a cire takalmi, a faɗi gaskiya: mu Kirista ne, ga aikin da muka zo yi, ga ranar komawarmu. Ɓoye wannan shi ke haifar da zargi daga baya. A gaida liman ma. Hausa tana aiki a kasuwa da unguwannin Hausawa, amma a ƙauyuka Fulatanci ne ya fi tafiya, saboda haka a nemi tafinta ɗan gari, da mace tafinta domin shiga cikin gida.

Aikin da ya fi amfani sau da yawa ba sabon gini ba ne. Gyaran famfon da ya mutu ne. Sabuwar rijiyar burtsatse tana cin miliyoyin sefa, alhali a ƙauyuka da dama akwai famfon hannu samfurin India Mark II da ya daina aiki, gyaran abin da ya kashe shi bai kai kuɗin motar ƙungiyar ba. Kafin a kwance komai a gwada shi. Bugu 40 ya kamata ya ba da lita 12 ko fiye. In ruwan ya gaza haka, robobin da ke cikin silinda sun cinye. A bar shi rabin awa a dawo: in sai an yi bugu fiye da biyar kafin ruwa ya fito, bawul na ƙasa yana yoyo ko mahaɗin bututu ya saki. In hannun yana tafiya sakayau babu ruwa ko kaɗan, sarƙa ce ta tsinke ko sandar ciki ta kwance. Ruwa ja kuwa tsatsar bututu ce, canjin roba ba zai magance ta ba.

Fitar da bututun shi ne wurin haɗari. Kowane guntu mita uku ne, cike da ruwa, kuma ana fito da su ɗaya bayan ɗaya, a damƙe na ƙasa da maƙalli kafin a kwance na sama. Mutum huɗu ko biyar ake bukata, ɗaya kawai ke ba da umarni. In aka yi sakaci bututu ya suɓuce ya faɗa ramin, gyaran yini ɗaya ya zama asarar rijiya. A shimfiɗa bututun a kan katako, ba a ƙasa ba, a zuba sinadarin kulorin bayan an mayar, a buga ruwan har warin ya tafi kafin kowa ya sha. Kuma makanikin yankin ne zai riƙe sifana, baƙi su ɗauki kaya su riƙe bututu. A biya shi kuɗin aikinsa. Ƙungiyar da ta yi gyara kyauta da hannunta ta hana shi abinci, ta kuma koya wa gari jiran baƙi. Robobin nan za su sake cinyewa, shi ya sa kafin a tafi sai an ga kwamitin ruwa, da mata a ciki, da littafin tara kuɗin wata-wata.

Rabon magani ya fi komai ɓata suna. Kwalaye masu rubutun Turanci a wurin da ma'aikatan jinya ke karatu da Faransanci, maganin da ya kusa lalacewa, ko maganin hawan jini na kwana goma ga ciwon da ke bukatar na kullum, duk cutarwa ce. Gara a yi aiki ƙarƙashin cibiyar lafiya ta yankin, a koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sa su haɗa da hannunsu su ɗanɗana, domin kuskuren da aka fi yi shi ne yawan gishiri.

Sai batun bangaskiya. Ruwa da magani na kowa ne, ba a ɗaura su da zama wa'azi, ba a kuma tara yaran mutane ba da izinin iyayensu ba. Wanda ya ji an saye shi da buhun shinkafa ba ya mantawa, ikkilisiyar garin ce kuma za ta biya bashin. Abin da ke buɗe baki shi ne a ga mutumin birni yana kwashe kwata a bakin famfo, yana cin tuwon da aka ajiye masa ba tare da yatsina ba. A nan ne wani zai ce, "Malam, me ya kawo ku nan?" Sai a amsa a taƙaice, cikin ladabi, cewa Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa ya ce a yi haka. In ya so ƙarin bayani a haɗa shi da fasto. In an roƙi addu'a a yi, in ba a roƙa ba a nemi izini. Har yau ana ambaton Baba Simon, fadan da ya zo daga kudancin Kamaru a 1959 ya zauna Tokombere yana hawa duwatsu ba takalmi, kuma shekarun da ya yi cikin mutane ne suka ba maganarsa nauyi. Mai mako biyu ba shi da wannan, sai ya jingina da wanda ke da shi.

Hoto kuma a rage. Ba a ɗaukar mara lafiya ko matar aure ba da yardarsu ba, ba a kuma sa fuskar sabon mai bi a Facebook, don abin da baƙo ya wallafa daga Garwa yana iya raba mutum da danginsa. Alkawarin da ba a rubuta a gaban fasto ba kada a yi shi. Bayan wata uku a kira shugaban kwamitin ruwa a ce ya yi bugu 40 ya faɗi lita nawa ya samu.