A Kan Keke Cikin Kwarin Douro

A ƙasar Portugal, jirgin ƙasa daga birnin Porto zuwa garin Peso da Régua yana ɗaukar kusan awa biyu, kuma rabin tafiyar na ƙarshe layin dogon manne yake da bakin kogin Douro. A watan Satumba na je, lokacin girbin inabi. Keken tsere na haya ne, mai siraran tayoyi, mara nauyi kamar babu komai a hannu. Mai shagon ya daidaita min sirdi, ya ba ni famfo da tiyub guda, sannan ya nuna gorar ruwana ya ɗaga yatsu biyu, wato in ƙara wata. Mutanen yankin suna da wata magana, wai shekararsu wata tara ce ta sanyi, wata uku na wuta. Da rani zafi yakan haura digiri 40 a ƙasan kwarin.

Daga Régua ana haye gada zuwa gaɓar kudu, a kama hanyar N222 zuwa Pinhão, kilomita 27. A 2015 kamfanin hayar motoci na Avis ya zaɓe ta a matsayin hanyar da ta fi daɗin tuƙi a duniya, shi ya sa ba ka rasa masu buɗaɗɗun motoci da manyan babura a kanta. A keke ma ba laifi. Kwalta sumul, kogi a hagunka, dutse a damanka, kwana bayan kwana, hawa da gangara ƙanana waɗanda ba sa sa ka sauya giya sosai. Na ɗan tsaya a madatsar ruwan Bagaúste ina kallon jirgin 'yan yawon buɗe ido cikin ɗakin da ake ɗaga jirage: a rufe ƙofa, ruwa ya cika, jirgi ya taso a hankali har ya kai matakin sama. Kafin a gina waɗannan madatsun Douro mahaukacin kogi ne, kwale-kwalen katako da ake kira rabelo su ke ɗaukar gangunan barasa su gangara da su har Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi daga Porto, wasu kuma ba sa isa.

Amma gaskiya wannan sashen yaudara ce. Wanda ya tsaya a Pinhão, ya ɗauki hoton tayil masu launin shuɗi da fari da ke jikin tashar jirgin ƙasa ya juya, gefen kwarin kawai ya shafa.

Bayan na sallaci azahar a wata inuwa kusa da mahaɗar ƙaramin kogin Pinhão da Douro, na ɗauki hanyar da ke hawa ƙauyen Casal de Loivos. Nan ne keke ya fara tambayata abin da na ci da safe. Na sauke giya har ta ƙare, na miƙe tsaye a kan feda, keken na lilo dama da hagu, gumi na ɗiga daga hular kwano zuwa kan taya. Da yake tafiyar ta koma ta hawainiya, sai ido ya samu damar ganin abin da mai mota ba ya gani. Duk tsaunin an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa da katangarsa ta duwatsu masu falle-falle, an jera su ɗaya kan ɗaya babu siminti. Wanda ya san gonakin kan dutse na Gwoza zai gane aikin nan take, sai dai a nan tsauni bayan tsauni ne har iyakar gani. Ƙasar noma kusan babu ita tun asali. Dutsen aka farfasa da hannu ya zama ƙasa, saiwar inabi kuma ta bi tsagoginsa ta nutse neman laima.

A wasu wuraren za ka ga katangu tsaye amma ba inabi, sai zaitun da ciyayi. Waɗannan gonakin da wani ƙwaro mai cin saiwa ya kashe ne daga shekarun 1860, masu su suka watse ba su dawo ba. Yankin dai tun 1756 aka shata iyakokinsa a matsayin yankin noman inabi a zamanin Marquês de Pombal, babban ministan Portugal na lokacin, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Akasarin inabin barasa ake yi da shi, abin da ba ruwana da shi. Ni katangun ne suka tsaya min a rai, da masu girbin da na tarar a wata kwana, yawancinsu ba yara ba, suna tsinka da almakashi a gangaren da ni ko tsayuwa a kai sai na dafa. Wata dattijuwa ta ga yadda nake haki, ta yi dariya, ta miƙo min nonon inabi guda, baƙi, ɗumi da zafin rana, zaƙi har yana kama maƙogwaro. Na ce "obrigado", wato na gode, iyakar abin da na iya ke nan, ta kaɗa hannu alamar in ci gaba, saura kaɗan. Ba kaɗan ba ne.

Daga sama kogin ya yi wata babbar lanƙwasa, Pinhão da gadarta ta ƙarfe sun koma 'yan mitsi-mitsi, jirgin ƙasa na jan jiki a gefen ruwa.

Saukowa ta fi ba ni tsoro. Titin ƙauyen na jeren duwatsu ne, siririyar taya na tsalle a kai, ga kwanoni masu kaifi, ga motocin ɗaukar inabi da ke fitowa ba sallama. Na riƙe birki har yatsuna suka sage. Da na iso Pinhão ƙafafuna sun riga sun yanke hukunci a kan komawa Régua, na tura keken cikin tasha na sayi tikiti.