Kiran da Malam ya yi mini yau

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau da hantsi tsohon malamina na jami'a, wanda yanzu yake riƙe da muƙami a wata ma'aikata ta jiharmu, ya kira ni ya ce suna neman wanda zai jagoranci aikin shigar da bayanan 'yan fansho cikin kwamfuta na tsawon shekara biyu. Ya ce, "Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, albashin ba zai kai rabin wanda kake karɓa a kamfaninku ba." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Malam, a ba ni mako guda in yi shawara."

Tun daga lokacin ban sake samun natsuwa ba. A kamfaninmu, idan na gyara manhaja da safe, kafin la'asar masu amfani da ita sun ga gyaran. A ma'aikata kuwa, kafin a sayi kwamfuta ɗaya sai an tallata kwangila, an jira sakin kuɗi, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har ya isa gaban babban sakatare. Na san an kafa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ne domin toshe ɓarna, jihohi da dama ma sun yi irinta, kuma na yarda da manufarta, amma wanda ya saba da gudu yana shan wahala idan aka ce ya yi rarrafe.

Abokin aikina ya ce jira ne zai dusashe mini basira. Na tuna masa cewa a watan Oktoban 2013, da shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka ya durƙushe, injiniyoyi ne daga kamfanoni masu zaman kansu suka zo suka tashe shi, har a Agustan 2014 gwamnatin Obama ta kafa musu sashe a fadar shugaban ƙasa, wanda wani injiniya mai suna Mikey Dickerson ya bar kamfanin Google ya jagoranta. Sai ya ce ai a Janairun 2025 sabuwar gwamnati ta sauya wa sashen suna da alƙibla. Wannan magana ta fi zancen albashi taɓa ni, domin ina tsoron in ɗora gini wanda na gaba zai rushe.

Amma da yamma na leƙa gida na tarar da Baba yana jera takardunsa a leda, saboda an sake kiran 'yan fansho tantancewa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ga ciwon gwiwa, amma duk da haka zai je ya wuni a layi domin ya tabbatar wa ofis cewa yana raye. Babu kamfanin da zai gyara masa wannan, don ba a cin riba a kansa.

Na aika wa Malam saƙo cewa kafin in amsa ina son abu biyu a rubuce: izinin zaɓar matasa huɗu da zan yi aiki da su, da kuma tabbacin cewa manhajar za ta zama mallakar ma'aikata, ba ta ɗan kwangila ba. Ya ce in zo gobe da ƙarfe goma ya nuna mini ɗakin da ake ajiye fayilolin. Zan fara sauke Baba a wurin tantancewa, sannan in wuce.