Ping na amsawa, apt ya ƙi motsi: bayit 50 ɗin VXLAN

Alhamdu lillahi, jama'a, daren jiya VM ɗina, wato kwamfutocin manhaja da ke gudana cikin injina na gaske, suka fara magana da juna yadda ya kamata, kuma farin cikin bai sake ni ba har yanzu. Wanda duk yake haɗa ƙaramin kilaud nasa a kan Proxmox 8, manhajar da ke tafiyar da VM, ya karanta wannan kafin ya taɓa SDN, sashenta na haɗa layukan sadarwa da manhaja.

Injina uku ne ƙanana, na hannu, da na tsinto a Haraj, kasuwar kayan hannu, suna ɗakina a nan Jidda. Niyyata in ɗora Nextcloud, manhajar ajiye fayil, saboda takardun shagon kago na Kawu, rasit da hotunan kayan da ake turawa Kano, su daina yawo a WhatsApp. Kilasta, wato injinan uku a matsayin tsari ɗaya, ta haɗu ba gardama. Na buɗe yankin VXLAN, dabarar shimfiɗa layi na daban a kan layin gaske, don VM ɗin shago su zauna a layinsu daban da na gida, na sa wata VM mai Debian ta zama rauta. Daga nan aka shiga ruwa.

Ping, umarnin gwada ko wata na'ura na amsawa, na tafiya. DNS na amsawa. Amma apt update, mai ɗauko jerin manhajoji a Debian, sai ya tsaya a 0% yana jira har abada. Shafin Nextcloud ya fara buɗewa, ya ƙame. SSH, wato shiga na'ura daga nesa, daga wannan VM zuwa waccan, in na sa -vvv, a wuri ɗaya yake mutuwa kullum: expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY. Ba saƙon kuskure, ba komai a log. Wallahi wannan shirun ya fi komai ƙona min rai, domin in abu ya yi ƙorafi ka san inda za ka kama. Na kashe fayawol gaba ɗaya, babu canji. Na canza kebul, na sake tada injinan, na zazzage iptables layi-layi, ga zafin Jidda, ga fankokin injina na huci.

Abin da ya fasa ƙwan umarni ɗaya ne: ping -M do -s, wato ka hana a yanka fakitin, ka faɗi girmansa da kanka. Da 1472 ya kamata ya wuce a layin da MTU ɗinsa, wato iyakar girman fakitin da yake ɗauka, bayit 1500 ne, tunda kan IP da na ICMP suna cin bayit 28. Bai wuce ba. Na dinga ragewa. A 1423 shiru, a 1422 sai ga amsa tana zubowa. Ka tara 1422 da 28, ka samu 1450. Na buɗe tcpdump, mai nuna fakitin da ke wucewa, taga biyu gefe da gefe, ɗaya a kan tap, mahaɗar VM da injin, ɗaya a kan katin injin ina tace udp port 4789. Babban fakiti ya bayyana a ta hagu, ta dama kuwa fayau, ko alamarsa.

Ga yadda abin yake. VXLAN na naɗe kowane fakiti cikin wani: bayit 20 na IP, 8 na UDP, 8 na VXLAN kansa, da 14 na Ethernet ɗin ciki, jimla 50. Kamar jakar alhaji ce a filin jirgi, nauyin jakar kanta yana cikin kilon da aka ba ka. Proxmox ya san da haka, ya sa gadar, wato suwic ɗin manhaja da VM ke haɗe da shi, a 1450. VM ɗin ne ba su sani ba, suna nan a 1500 ɗinsu. Da a rauta abin ya faru, da ta mayar da ICMP nau'i na 3 lamba 4 ta ce a rage. Gada kuwa ba ta magana, jefarwa take ta yi gum. Ƙananan fakiti irin na ping da DNS da gaisuwar farko ta TCP duk suna wucewa, shi ya sa kake rantsuwa layin lafiya lau yake.

Gyaran bai kai wahalar nemansa ba. A katin VirtIO na kowace VM na sa mtu=1, wanda a Proxmox yake nufin a gaji na gadar. Na sa shi a tamfilet ma, don sababbi su fito da shi, na kuma ƙara zaɓi na 26, na MTU, a DHCP mai raba adireshi. Ba-Windows ɗin da Kawu yake lissafi a kai katin E1000 gare shi, bai san wannan ba, sai da netsh na saita shi da hannu.

Har na miƙe zan kwanta, Docker, mai gudanar da manhajoji cikin kwantena, ya ce bai yarda ba. Shi ma gadarsa docker0 a 1500 yake haihuwarta, bai duba na VM ɗin da yake ciki. Na rubuta mtu a /etc/docker/daemon.json, amma layukan da compose ke ƙirƙira ba sa bin wannan, kowanne sai an sa masa com.docker.network.driver.mtu. Wannan ya ci min sauran daren.

Wani abokina a Riyad ya ce, "Malam, ka datse MSS a rauta kawai ka huta." MSS shi ne iyakar girman bayanan da fakitin TCP ke ɗauka. Ban yarda da wannan a matsayin magani ba. TCP kaɗai yake ceta, kuma sai wanda ya ratsa rautar. VM biyu da ke layi ɗaya ba su bi ta can. Abin da ya dace shi ne a ɗaga MTU na layin gaske da ke ƙasa, ko 1550 ko 9000, a bar VM a 1500 ɗinsu. Tsohon suwic ɗina bai ɗaukar manyan fakiti, don haka na sayi wanda yake ɗauka, ya haura riyal 400 da harajin kashi 15 ɗin nan. Ya yi min zafi sosai, kuɗin da na ware wa RAM ne.

Sabon suwic ɗin yana nan cikin kwali ban haɗa ba tukuna, domin yanzu hankalina ya koma kan reshen shagon da ke Makka. Can ta WireGuard zan bi, wani nau'in VPN wanda MTU ɗinsa yake farawa a 1420, in VXLAN ya hau kai saura 1370, kuma suwic mai tsada bai da abin da zai yi a wannan hanyar. Ina ganin rautin zalla zan yi tsakanin garuruwan biyu in bar VXLAN a Jidda. Wanda ya taɓa gwada ɗayan biyun a kan layin 5G mai CGNAT, inda kamfani ke raba adireshin IP ɗaya ga masu layi da yawa, don Allah ya faɗa min lambar da ping ɗinsa ya tsaya.