Jika 30 da suka ci mini jar akuya

Har yau in na ga jar akuya tana kiwo a bakin gulbi sai raina ya sosu.

Ni ke riƙe da lissafin asusunmu na unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankinmu na Maradi a 1991. Wata rana ina tsakiyar suyar ƙuli-ƙuli, ɗaya daga cikinmu ta kawo mini biyan bashinta, jika 30, don za ta yi tafiya. Na karɓa da hannu mai maiƙo. Ranar Alhamis, ranar zubi, na nemi kuɗi sama ko ƙasa. Jakata na duba, da ƙarƙashin matashin kai, shi ke nan. Ban ƙara dubawa ba, domin na riga na yanke wa kaina hukunci. Tun ina yarinya Inna ke cewa hankalina ba ya jikina, a makaranta kuwa Mantau ake kirana. Sai na ce to, halin ne ya sake fitowa. Washegari na sa aka kai akuyata kasuwa, ga ta da ciki, na biya, na mayar da littafi na ce su nemi mai hankali.

Hajiya shugabarmu ta ce, "Ƙanwata, shekara 3 lissafinki bai taɓa kuskure dala ɗaya ba." Ban ji ta ba. Kuskure ɗaya nake gani, shekara 3 ɗin sun ɓace mini.

Bayan wata 4 ina goge jere, na buɗe kwalla ta can sama. Ga su cikin leda, a naɗe. Ni na sa su can, wai don kada in manta.

Sunan abin da ke damuna ma a kan ɗana na ji shi. Malaminsu ya dame ni cewa yaron ba ya zama wuri ɗaya, na kai shi asibiti. Likita na jero tambayoyi, ni kuma ina amsawa a zuciyata, kowace tana kaina. Ya ce TDAH ne, wanda da Turanci ake kira ADHD, wato larurar rashin tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya. Yana bin jini, alamunsa kan bayyana kafin shekara 12, kuma a 'ya'ya mata yawanci ba ƙiriniya ake gani ba, shiru ne da tafiyar tunani, shi ya sa ba a gane su sai sun girma. Daga baya ni ma ya duba ni ya tabbatar. Ina da shekara 34.

Mantuwa dai tana nan, ko jiya tuwo ya kama. Abin da na daina shi ne biyan tara kafin a yi shari'a. In abu ya ɓace, sai na kwana biyu ina nema, in kira ƙanwata ta taya ni, kafin in ce laifina ne. Da na yi haka a lokacin, da rabin awa ya isa.

Na sake karɓar littafin asusun. Amma na kafa doka: ba a kawo mini kuɗi gida, sai gaban akwati, gaban jama'a. In dole ta kama, nan take in aika wa Hajiya saƙon murya ta WhatsApp, in faɗi nawa ne da inda na ajiye. Wasu na dariya. Su yi.

Wanda ya sayi akuyar, na ji tagwaye ta haifa masa.